Kuɗin Laraba Da Kirshin Falah

Jawabin da aka gabatar ranar bukin tunawa da kafa masallacinmu a Jidda

   

Dattawa sun ba mu zaɓi, suka ce mu yi magana a kan abin da muka ga ya fi damun jama'a. Mun san waɗansu sun zo da zaton za su ji tarihin masallaci, to, wannan liman ya fi mu saninsa. Mu dai maganar makaranta za mu yi, watau makarantar gwamnati wadda ɗan talaka ke shiga, da kuma mutumin nan da ke tsaye gaban allo tun safe har azahar. Kada wani ya yi mamaki don ya ji almajiri na maganar boko. Mu ba mu zauna kan benci ba, a gaban alaramma muka tashi, amma 'ya'yanmu da jikokinku can su ke wuni, abin da ya sami wurin kuwa ya same mu.

Bari mu fara da abin da ke kusa. Wanda ya shiga tsohon gari, watau Balad, zai tarad da makarantar da a ke kira Falah. Wani saurayi ɗan gidan attajiran Jidda, Muhammadu Ali Zainal, shi ya kafa ta cikin 1905, daidai da 1323 ta Hijira, zamanin Turkawa na riƙe da Hijaz. A lokacin yaron garin nan in ya sauke Alƙur'ani a kuttabi, da wuya ya sami inda zai ci gaba da koyon lissafi da nahawu da tarihi cikin harshen Larabci. Saurayin nan shekarunsa ba su fi 21 ba. Da ya ga makaranta na cin kuɗi fiye da abin da ke hannunsa, sai ya tafi Bombai ta ƙasar Indiya, ya shiga cinikin lu'ulu'u, Allah ya buɗa masa har sunansa ya kai Turai. Ribar da ya ke samu ita ce albashin malamai. Ya buɗe wata Falah a Makka bayan 'yan shekaru, ya buɗe waɗansu a Bahrain da Dubai da Bombai ɗin kanta, har ya ɗebi ɗalibai daga nan ya kai su Indiya ƙaro ilmi da kuɗinsa. Manyan marubutan Hijaz da ma'aikatan farko na gwamnatin ƙasar nan, da yawansu daga ɗakunan Falah suka fito.

Amma duniya ba ta zama wuri ɗaya. Mutanen Japan suka gano dabarar sa kawar teku ta yi lu'ulu'u a inda su ke kiwonta, ba sai an yi nutso an nemo ba. Ga shi kuma tun daga 1929 kasuwannin duniya suka karye. Lu'ulu'un da masu nutso ke fitarwa daga tekun Bahrain ya faɗi warwas, dukiyar mutumin nan ta tafi tare da shi. To, ina makaranta za ta sa kanta? Ginin yana nan, littattafai suna nan, yara suna zuwa kowace safiya, amma malami yana da iyali, ba zai dafa musu allo su ci ba. Abin da ya ceci Falah shi ne aka yanke, da yardar Sarki Abdul'aziz, cewa kowane ƙunshin kaya da ya sauka a tashar jirgin ruwan Jidda za a karɓi kirshi ɗaya a kansa a ba makarantar. Har suna aka sa masa, a ke ce da shi kirshin Falah. Kirshi a lissafin yau halala 5 ne, 20 ke yin riyal guda, in ya faɗi ƙasa yaro ma ba ya sunkuyawa ya ɗauka. Amma da ya ke kullum jirgi na sauka, kullum kirshin na shigowa, makarantar da ta kusa rufewa ga ta nan ta haura shekara 100.

Sa'ad da muka fara jin wannan labari sai muka tuna da kuɗin Laraba. Duk wanda ya yi karatun allo a ƙasar Kano ko Katsina ko Damagaram ya san shi. Ranar Laraba, kafin a tashi hutun Alhamis, kowane yaro zai zo da ɗan abin da uwarsa ta ƙulle masa a bakin riga, kwabo 5 ko 10 a zamaninmu, ya durƙusa ya ajiye gaban malam. Wanda gidansu babu, ya kawo itacen da za a hura wutar karatun dare. In damina ta faɗi a tafi gonar malam, in yaro ya kai wani izu a yi 'yar sadaka, in ya sauke a yi babba. Ba mu ce tsarin nan ba shi da aibi ba, mun sha wuya a cikinsa, mun kuma ga yadda ya lalace daga baya har ya koma tura yara bara a titi. Amma akwai abu ɗaya da kakanninmu suka gane: abincin mai koyarwa yana wuyan waɗanda a ke koya wa 'ya'yansu, kuma gara ya zo kaɗan kaɗan a kan lokaci da ya zo da yawa sau ɗaya sa'an nan ya ɗauke. Har ma tun farkon Musulunci an san koyarwa aiki ne mai farashi, gama masu tarihi sun kawo cewa bayan yaƙin Badar, fursunan da ya iya rubutu kuma ba shi da kuɗin fansa, an yarda ya koya wa yara 10 na Madina rubutu ya tafi abinsa.

Gwamnatin ƙasar nan ta bi doguwar hanya kafin ta komo kan wannan magana. An kafa ofishin kula da ilmi a 1926, ya zama ma'aikata a 1953, Yarima Fahad wanda ya zama sarki daga baya shi ne wazirinta na farko. A 1960 aka kafa hukumar ilmin 'yan mata, ko da ya ke a nan Jidda Sarauniya Iffat ta riga ta buɗe Darul Hanan tun 1955. Shekaru masu yawa malamai daga Masar da Sham da Falasɗinu da Sudan ne suka riƙe azuzuwa, kafin 'yan ƙasa su yawaita. Kuɗi kuwa ba a yi rowarsa ba. A 2007 Sarki Abdullahi ya kafa shirin gyaran ilmi da a ke kira Taɗwir, aka ware masa riyal biliyan 9, aka zuba kwamfutoci da na'urori a makarantun gwaji. Duk da haka, da ƙasar ta fara shiga jarrabawar nan ta duniya ta yara 'yan shekara 15 a 2018, aka tarar kimanin rabinsu ba su kai matakin da a ke nema ba wajen fahimtar abin da suka karanta. Hukuma ba ta ɓoye sakamakon ba. Daga 2020 aka kawo sabon tsarin ma'aikatan ilmi, aka yi wa malamai darajoji hawa hawa, daga mataimaki har zuwa gwani, aka ce kowa sai ya ci jarrabawa ya sami lasisin koyarwa, wanda a ke sabuntawa bayan shekara 5. Malamai da yawa sun yi gunaguni, waɗansu ma da hujja, don mutumin da ya shekara 20 a aji ba ya jin daɗin a mai da shi ɗan jarrabawa. Abin lura dai shi ne, ƙasar da ke da man fetur ta gwada gini ta gwada na'ura, daga ƙarshe ta dawo ta tsaya a kan malami.

Wani zai ce, to, mu da ke nan me ya dame mu da makarantun gida? Jama'a, ku dubi sahun nan da kyau. Mu iri biyu ne. Akwai jikokin waɗanda suka taho da ƙafa ta Barno da Wadai da Darfur, suka yi shekaru a Sudan suna aikin auduga, suka ƙetaro teku daga Sawakin, musamman bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Waɗannan sun zama 'yan ƙasa, cikinsu akwai malaman makarantun gwamnati da shugabanninsu. Mutanen ƙasashenmu sun daɗe suna koyarwa a Hijaz, ku tuna da Shaihu Umar Fallata wanda ya yi shekaru yana karantarwa a Masallacin Annabi. Akwai kuma mu da ke zaune da iƙama. Tun daga watan Yuli na 2017 aka sa kuɗi a kan kowane mutum da baƙo ke riƙo, riyal 100 a wata, ya riƙa hawa har ya kai 400 a 2020. Mai 'ya'ya 5 ya yi lissafi da kansa. Sa'an nan daga ƙarshen 2021 aka shiga rushe tsofaffin unguwanni, su Gulail da Karantina da Sabil da Hindawiyya, inda mutanenmu suka fi yawa, haya kuwa ta tashi. Gida nawa cikinmu suka sa yara a jirgi aka kai su wurin kakanni a Kano ko Zariya ko Maraɗi? Yaran nan ba makarantar 'ya'yan manya suka shiga ba, firamaren unguwa aka kai su. Ashe kuwa maganar ta shigo mana har tsakar ɗaki.

Muna yara aka fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a Nijeriya, cikin 1976. Mun tuna yadda aka riƙa gina azuzuwa masu rufin kwano a bakin kowane ƙauye, muna wucewa da allunanmu muna leƙe. Yaran da suka zo sun fi waɗanda aka yi tsammani, malamai ba su isa ba, sai aka riƙa ɗaukar mutane ana yi musu horon gaggawa. Kuɗin mai ya ja baya, albashi ya soma makara, malamin da a da a ke ba shi 'ya a gari don girmamawa ya koma mai cin bashin gero a kanti. A 1999 aka sake ƙaddamar da wani shirin a Sakkwato, ya zama doka a 2004, aka ce gwamnatin tarayya za ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta, amma jiha ba za ta ɗauki rabonta ba sai ta ajiye kwatankwacinsa. Jihohi da dama suka bar kuɗin yana kwance shekara da shekaru, yara na zaune a ƙasa. A Nijar kuwa, tun daga ƙarshen shekarun 1990 aka koma ɗaukar 'yan kwantaragi da ƙaramin albashi, har suka zama su ne mafi yawan masu koyarwa a firamare.

A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa irin ta 'yan aji 4, aka ce 21,780 ba su kai makin da aka yanke ba, aka sallame su, aka ɗauki sababbi. Mun ji an yi ta muhawara har a ƙofar masallacin nan. Ra'ayinmu shi ne, wanda bai iya ba bai kamata a bar shi ya ɓata yaran mutane ba, wannan amana ce. Amma sai a tambaya, wa ya ɗauke shi aikin? Sau nawa takardar wani babba ta shigar da mutum aji, wanda ya cancanta yana waje? Sa'an nan sabon da aka ɗauka, in an bar shi da yunwar da aka bar na da, da aji mai cike maƙil, bayan shekara 10 me zai zama? A 2020 Shugaba Buhari ya yi wa malamai alkawarin albashi na musamman da ƙarin shekarun aiki. Ƙarin shekarun ya zama doka a 2022, watau shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Maganar albashin kuwa malamai sun daɗe suna tambayar inda ta kwana. A watan Yuni na 2024 gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi, ya faɗi da bakinsa cewa yara masu ɗimbin yawa a ƙasa su ke zama, aka kuma ba ilmi kaso mafi girma a kasafin jihar. Muna yi wa wannan fatan alheri. Sai dai mun ga shiri ya zo da ganga ya tafi shiru ba sau ɗaya ba, don haka mu ke cewa kada iyaye su miƙe ƙafa.

Da muka je gida ganin dangi, mun shiga firamaren garinmu, ba za mu faɗi sunanta ba. Mun tarad da wani malami shi kaɗai yana riƙe da aji biyu, ya ba waɗannan aiki ya ruga wurin waɗancan. Alli da kuɗinsa ya ke saye. In an tashi sai ya hau babur ya yi acaɓa har magariba. Muka tambaye shi abin da ya fi bukata, muna zaton zai ce kuɗi, sai ya ce a samo masa mutum ɗaya ya kama masa aji guda, kuma iyaye su daina janye yara ranar kasuwa. Nesa kaɗan da makarantar akwai sabon masallaci mai hasumiya da tayil, wanda wani ɗan'uwanmu mazaunin ƙasar nan ya gina, ga kuwa wani masallacin a bayansa wanda sahu biyu ba ya cika. Allah ya karɓa masa, ba mu raina aikinsa ba. Amma mun tsaya tsakanin ginin biyu kunya ta kama mu, gama mu ma abin da muka fi aikawa gida na biki ne da suna da turamen zannuwa.

Mun san abin da ke zukatan waɗansu dattawa, don mu ma da shi aka rene mu, cewa boko na gwamnati ne, sadaka kuwa ta makarantar allo ce. Muna roƙo a sake dubawa. Malamin firamaren nan Musulmi ne ɗan'uwanku, yaran da ke gabansa 'ya'yan Musulmi ne, cikinsu za a sami likitar da za ta duba matanku da alƙalin da zai raba muku gado. Nana Asma'u 'yar Shehu ba ta jira mata su zo Sakkwato ba, jajiyoyi ta naɗa, ta ɗaura musu malfa, ta aika su ƙauyuka su koyar, watau ta fara da gyara mai koyarwa da ɗaukaka shi a idon mutane. Malam Aminu Kano ma kafin ya shiga siyasa ƙungiyar malaman makarantun Arewa ya kafa a 1948, don ya ga an bar su a baya.

To, ga abin da mu ke roƙo. Ba za mu ajiye akwati a masallaci ba, dokar ƙasar nan ta hana tara kuɗi a masallatai ba da izini ba, mu kuwa baƙi ne masu kiyaye doka, kada wani ya fita ya ce an kafa asusu. Abin da mu ke so kowane mai gida ya yi shi kaɗai ne, tsakaninsa da Allah. Ya ware riyal ɗaya ko biyu kowace Laraba, gwargwadon ƙarfinsa, in ya taru ya haɗa da abin da ya saba aika wa iyalinsa ta hanyar da hukuma ta yarda da ita, ya ce a kai wannan firamaren da yaransa ko na 'yan'uwansa ke zuwa. Kusan kowace makarantar gwamnati a gida tana da kwamitin iyaye da dattawan gari, a Nijeriya da Nijar duka. A ba su a gaban shaidu, a rubuta, a kuma faɗi abin da za a yi da shi. In da za a bi shawararmu, kada a fara da fenti ko allon suna a bakin ƙofa. A fara da alawus na wani saurayi ko budurwa mai takardar koyarwa da ke zaune a gari ba aiki, ya kama wa malami aji. In mutum 20 'yan gari ɗaya suka dage a kan haka, za su iya riƙe mai taimako ɗaya shekara guda. Amma wanda ya san zai yi wata biyu ya bari, gara kada ya fara, don sa wa mutum rai a yanke ya fi rashin farawa ciwo.

Wannan ba zai sauke wa gwamnati nauyinta ba, albashi hakkinta ne, kuma mai ba da kirshi ya fi kowa bakin tambaya. In kun buga waya gida, bayan kun tambayi lafiya da damina, ku tambayi ko an biya malamai, ku tambayi malami nawa ne a makarantar, ku sa 'yan'uwanku su je wurin sakataren ilmi na ƙaramar hukuma su yi magana da ladabi, su kuma koma in ba a yi ba.

Waɗanda 'ya'yansu ke makarantun Jidda kuma, naku ya fi sauƙi, don ba kuɗi a ke nema a wurinku ba. Malaman da ke cikin jama'ar nan sun sha gaya mana cewa ranar taron iyaye kujerun mutanenmu ne ke zama wayam, wani don aiki, wani don kunyar Larabcinsa. Ku je ko da gaisuwa kaɗai za ku yi. Tun 2020 darussan yara da aikin gida suna cikin manhajar Madrasati, wanda bai iya dubawa ba ya kawo wayarsa bayan sallar isha'i, samarinmu sun yi alkawari za su nuna masa. Kuma kada uba ya zagi malami a gaban ɗansa, ko da malamin ne da laifi, a je a same shi a keɓe.

Mun roƙi ɗan'uwanmu ladan ya zauna a bakin ƙofa bayan an shafa fatiha, da takarda a hannunsa. Ba kuɗi zai karɓa ba. Kowa ya gaya masa sunan garinsu kurum, don 'yan gari ɗaya su san juna, su zaɓi wanda zai riƙa yi musu magana da shugaban makarantarsu. Mu namu riyal ɗin daga Larabar nan mai zuwa za mu fara ware shi, in Allah ya kai mu.